A ceto abin da ke cikin faifan fulofi, a bar direbansa ya huta

A watan Yulin 2019 Linus Torvalds ya saka direban fulofi na babbar manhajar Linux cikin jerin marayu, bayan Jiri Kosina mai kula da shi ya ce ba shi da sauran na'ura mai aiki da zai riƙa gwada gyara a kanta. Denis Efremov ya karɓi ragamar daga baya. Duk sanda maganar ritayar wannan direba ta taso, hujjar masu kare shi ɗaya ce: in aka cire shi, tarihin da ke kwance cikin miliyoyin fayafai ya tafi. A ganina sun kama reshe ne sun bar tushe, kuma masu adana kayan tarihi da suka koma karanta maganaɗisun faifai kai tsaye, ba tare da bi ta babbar manhaja ba, su ne suka gano bakin zaren.

Dalilin yana cikin yadda aikin ke gudana. Babbar manhaja ba ta taɓa faifai da kanta. Akwai ɗan guntun sarrafawa tsakaninsu, jinsin NEC 765, wanda IBM ta sa a kwamfutarta ta 1981. Direba zai umarce shi ya kunna injin, ya jira kamar rabin daƙiƙa har juyin ya kai sau 300 a minti, ya tura kan karatu zuwa layin da ake so, sannan ya nemi yanki kaza. Faifan inci 3.5 da aka sani yana da layi 80 a kowace fuska, fuska biyu, yanki 18 a kowane layi, kowane yanki bayit 512. Jimilla yanki 2,880 ke nan, wato abin da ake kira megabayit 1.44. Idan guntun ya gama, sai ya taɓo kwamfuta ta layin katsewa na 6. Wannan tsari ya yi kaka-gida har ya bar tabo: haruffan A da B na fulofi ne, shi ya sa har gobe babban ma'ajin Windows yake amsa sunan C.

Matsalar ita ce guntun nan abin da aka koya masa kawai yake gani. Ba shi faifan Amiga mai kilobayit 880, ko na tsohuwar Macintosh mai kilobayit 800 wanda saurin juyinsa ke canzawa daga wani sashen faifan zuwa wani, sai ya ce ba komai a ciki, Windows kuma ta tambaye ka ko a goge faifan a tsara shi sabo. Danna "eh" sau ɗaya ya isa ya binne aikin shekaru. Na'urori irin su KryoFlux da Greaseweazle na Keir Fraser ba sa neman yanki ko layi. Ana haɗa su da tsohuwar na'urar fulofi ta kebul mai fil 34, su auna tazarar da ke tsakanin kowane sauyin maganaɗisu, su ajiye ta ɗanyarta, fassara ta biyo baya. A 2014 aka sanar cewa ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Jami'ar Carnegie Mellon ta zaƙulo zanen da Andy Warhol ya yi a 1985 daga fayafan Amiga, aikin da direban kwamfutar gida ba zai taɓa iyawa ba.

Za a ce ai fulofi bai mutu ba, kuma gaskiya ne. Sony ta daina ƙera shi a 2011, amma sai a 2019 sojin saman Amurka suka raba tsarin saƙonninsu na makaman nukiliya da faifan inci 8, Japan kuma sai a Yunin 2024 ta soke dokokin da ke tilasta amfani da shi. Jiragen Boeing 747-400 da jiragen ƙasa na cikin birnin San Francisco sun daɗe suna dogaro da shi. To amma waɗannan na'urori da nasu tsarin suke karantawa, ba sabuwar Linux suke jira ba. Ajiye tsohon direban da ba mai iya gwada shi kuwa yana da tsada. A 2015 aka gano ɓarakar VENOM a cikin fulofin kwaikwayo na manhajar QEMU, wadda ke nan tun 2004, tana iya buɗe wa ɓarawo ƙofa zuwa manyan kwamfutocin da ba su taɓa ganin faifai ba.

Mai cewa na'urar fulofi ta USB ta wadatar, yana da gaskiya in faifan na DOS ne kuma lafiyayye. In ya fara lalacewa, na'urar kuskure kawai za ta nuna, kuma kowane sake gwadawa ƙara goge fuskar faifan yake. Jami'o'i da ma'aikatun da ke da kwalayen fayafan kundin digiri na shekarun 1990 a ɗakin ajiya, inda zafi da ƙura da laima ke cin su, su nemi na'urar karatun maganaɗisu ɗaya, su kwafe su tun ana iya karanta su.