Jigon Mulki a Littafin *Deux ans de vacances* na Jules Verne

Manazarta adabi sun fi sanin Jules Verne (1828-1905) da ƙagaggun labaransa na kimiyya. Amma akwai wani littafinsa na yara da ba a cika ambatonsa ba, watau *Deux ans de vacances*, ma'ana hutun shekara biyu, wanda aka buga a Faris cikin 1888. Ko da yake an saba ɗaukarsa a matsayin labarin kasada, babban jigonsa shi ne mulki.

Labarin ya faru ne a 1860. Yara goma sha biyar, babu babba ko ɗaya a cikinsu, guguwa ta kwashe jirginsu daga Auckland ta ƙasar New Zealand, ta yar da su a wani tsibiri da ba kowa. Sha huɗu ɗaliban makarantar kwana ne, na sha biyar ɗin kuwa shi ne Moko, yaron jirgi, baƙar fata.

Abin lura shi ne, da zarar sun sami kogon da za su fake, sai suka tsara lokutan karatu, suka raba aiki, suka kuma zaɓi shugaba na shekara guda. Marubucin ya ɗora wa taurari uku halayen da Turawan zamaninsa ke jingina wa ƙasashensu: Gordon Ba'amurke mai lissafi da tsimi, Doniphan Bature ɗan Ingila mai girman kai, sai Briant Bafaranshe mai karamci. Rikicin da ya raba kan yaran bai taso daga yunwa ba, daga kishin shugabanci ya taso, har Doniphan ya ja mutanensa ya ware bayan an zaɓi Briant.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Moko yana cikin waɗanda suka riƙe jirgi a daren guguwa, shi ne kuma mai dafa wa kowa abinci, amma ranar zaɓe ba shi da ƙuri'a saboda launin fatarsa. Verne ya faɗi haka cikin jimla guda ya wuce, kamar abin da ba ya bukatar hujja.

Saboda haka, malamin da zai karantar da littafin ya kamata ya tsayar da ɗalibansa a kan wannan jimla. Ita ce ke nuna iyakar adalcin da yaran suka gina a tsibirin.