Karan da Ba a Ɗaure Shi da Kara

Abu biyu suka kai sunan Aliero nesa: albasa da ɗori. Albasar kowa ya san ta, tirela-tirela ake lodinta zuwa Kudu. Ɗorin kuwa sai wanda tsautsayi ya ratsa. Daga Jega da Maiyama, daga Sakkwato, har daga ƙetaren iyakar Nijar, ana kawo mutane kwance a bayan mota, wannan ƙauri ya karye, wancan cinya, a sauke su a gidajen da suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni. Maɗori ya lalube wurin, ya ja, ya saita, ya jera kara, ya naɗe da tsumma. Yaron da ya tashi a Sabiyal ta ƙasar Aliero ba sai an yi masa bayanin wannan ba, da idonsa ya gani.

Sai dai akwai ƙashi guda da wannan dabara ba ta da wurin kamawa a jikinsa, shi ne karan hanci. Ba ya jawuwa, ba ya zagayuwa da kara, kuma rabin ɓarnar a ciki take, inda ido ba ya kaiwa sai da fitila. Ga shi kuma a duk ƙasusuwan fuska babu wanda ya kai shi yawan karyewa, tunda shi ne a gaba. Ɗan kabu-kabu da ya kifa kan kwalta, ɗan dambe da ya sake aka shige shi, makiyayin da sa ya ɗaga wa kai, duk hanci ne ke karɓar bugun farko.

Taɓa naka ka ji. Daga tsakanin idanu zuwa kusan sulusin tsawonsa ƙashi ne, wasu 'yan siraran ɓarori biyu da suka jingina da juna kamar jinka. Sauran duk guringuntsi ne. A tsakiya kuma akwai bangon da ya raba ƙofofin biyu, shi ne dirkar da ke riƙe da jinkar. Gwanin gyaran hanci dirkar nan yake fara dubawa, mu kuwa 'yan kallo karkacewar waje ke ɗauke mana hankali.

Kafin a kai ga gwani akwai abin da kowa zai iya, kuma yawancinmu a baibai muke yin sa. Da haɓo ya ɓalle sai a ce wa yaro ya ɗaga kai sama. Jinin bai tsaya ba, hanya kawai ya sauya, ya gangara maƙogwaro, daga baya a yi amansa. Abin yi shi ne mutum ya zauna, ya sunkuyo kaɗan, ya matse tattausan wurin da ke ƙasan ƙashin na minti 10 zuwa 15 ba tare da sakewa don leƙawa ba, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada ya fyace. Farasitamol ya isa, asfirin kuwa ƙara tsinka jini yake yi.

A asibiti, abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin kayan aikin. Mutane kan nace sai an yi hoton ƙashi, alhali a karayar hanci zalla hoton ba ya sauya komai. Yatsu biyu, fitila da ɗan ƙarfen buɗa ƙofar hanci, su ne jarin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Zai bi karan da yatsa yana jin inda ya lotsa da inda yake ƙas-ƙas. Zai toshe ƙofa ɗaya ya ce a shaƙa, ya koma ɗayar. Zai tambaya ko mutum ya suma, ko yana ganin abu bibbiyu, ko haƙoransa na haɗuwa yadda suka saba. Abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai: bugun da ya karya hanci yana iya tsaga kwarmin ido ko muƙamuƙi. Idan kuma wani ruwa garai-garai na ɗiga daga hancin ba tsayawa, ana zargin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne ya sami kafa. Wannan ya wuce batun hanci, sai babban asibiti da hoton ƙoƙon kai.

Sannan ya leƙa bangon tsakiya. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini tasa, daga fatar da ke manne da shi yake samun abinci. Wani lokaci bugun kan sa jini ya taru tsakanin fatar da guringuntsin, ya yi wani ƙullutu ja mai taushi da ke toshe numfashi. Daga waje hancin na iya zama sambal, kowa ya ce Allah ya kiyaye, a koma gida. Amma an raba guringuntsin da abincinsa. Cikin 'yan kwanaki sai ya fara mutuwa, wurin ya yi mugunya, dirka ta zube, tsakiyar hancin ya lotsa kamar sirdi, lotsawar da ba ta tashi sai da babbar tiyata. Maganin kuwa ɗan tsagi ne, a zubar da jinin, a cusa auduga ta matse fatar ta koma mazauninta. Aikin mintuna, amma ba ya kwana. Yara ƙanana sun fi faɗawa wannan, don hancinsu kusan duk guringuntsi ne, ga shi ba su iya faɗin abin da suke ji.

Idan babu wannan tarin jini, sai gwanin ya yi abin da ke ba dangi haushi: ya ce a tafi, a dawo. Ba sakaci ba ne. In ba a zo cikin sa'o'in farko ba, kumburi ya riga ya rufe siffar hancin, wanda ya gyara a lokacin lalube ya yi cikin duhu. Ana jira kwana 3 zuwa 5 ya saɓe. Amma jiran na da iyaka, domin ƙashin fuska na saurin kamawa. Babba yana da kamar mako biyu, yaro kamar mako guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da yawa kuma ba sa buƙatar komai: in hancin bai karkace ba, numfashi na fita, barinsa ake yi ya warke da kansa.

Gyaran kansa ba a yanka fata. A kashe zafin wurin da allura ko a sa mutum barci, a zura wani siririn ƙarfe mai faɗin baki ta ƙofar hanci, a ɗago ɓarin da ya lotsa, babban yatsa na waje yana tura wanda ya bulluƙo, har a ji ya faɗa gurbinsa. Sai a ɗora ɗan makari a manne da filasta na kimanin mako guda, a hana dambe da ƙwallo har mako shida. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wata takardar likitancin Misira da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa ta yi bayanin mayar da ƙashin da cusa tsumman lilin mai maiƙo a ƙofofin hanci. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya koyar da saita shi daga ciki da ƙaramin yatsa. Da ya ga maɗoran Aliero, ina jin da sun fahimci juna ba tafinta, don duk da yatsa suke gani.

Tiyata ta sosai tana shigowa ne idan bangon tsakiya ya karye ya toshe numfashi, ko ƙashin ya ragargaje, ko ya huda fata, ko kuwa an makara har ya kama a karkace. In ya kama a karkace sai an sake karya shi da gangan, kuma galibi sai bayan wata shida, komai ya lafa. Yaro kan jira har fuskarsa ta gama girma. Mutumin Sabiyal zai sami masu wannan aiki a Birnin Kebbi ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Akwai wata tambaya da likitocin nan ke yi kafin su taɓa kowa, mai sa majinyaci dariya ko da yana cikin ciwo: kana da tsohon hoto? Ba kowane hanci aka haifa a miƙe ba, kuma na ɗan damben da ya sha karawa wataƙila wannan ne karo na uku. Sai ka ga an zaro katin zaɓe daga aljihu, likita ya kara shi kusa da kumburarriyar fuskar, yana duban wannan yana duban wancan, don ya san inda zai tsaya.