Mai Koyon Aikin Nasiha da Ma'aunin al-Balkhi: Nazari a kan Masalihul Abdan wal Anfus

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 322 bayan Hijira (934 Miladiyya), ya kasa littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus gida biyu: kula da jiki da kula da rai. A kashi na biyu ya tattauna cututtuka huɗu: fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara wannan kashi zuwa Turanci a 2013.

Littafin ya fi amfani ga ɗalibin da ya shigo koyon aikin ba da shawara bayan shi kansa ya ɗanɗani ƙuncin zuciya. Irin wannan ɗalibi yana da tausayi, domin ya san zafin ciwon. Amma jarrabawarsa ita ce ya ɗauki abin da ya warkar da shi a matsayin maganin kowa. Wanda ya sami sauƙi ta hanyar zikiri da tsayuwar dare zai iya zargin wanda bai samu ba da raunin imani, alhali wannan zalunci ne.

Al-Balkhi ya toshe wannan ƙofa. Ya bambance baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rasuwar masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke saukowa ba tare da sababi bayyananne ba. Na farko ana magance shi da nasiha da gyaran tunani. Na biyu kuwa ya danganta shi da jiki, ya nemar masa kulawar likita.

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, irin su Sabon Birni, galibi wurin malami ake fara kai mara lafiya domin ruƙiyya ko rubutu. Ruƙiyya ta shari'a tana da asali a Sunna, sai dai ba ta hana neman magani. Idan mutum ya daina barci da cin abinci, ko ya fara ambaton kashe kansa, wajibin mai nasiha shi ne ya tura shi Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ya kuma ci gaba da ƙarfafa masa gwiwa. Gidajen mari da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019 sun nuna inda kulawa ba tare da ilimi ba take ƙarewa.

Littafin yana da nasa rauni. Bayaninsa na sababin ciwo ya dogara ne da nazariyyar ruwaye huɗu na jiki ta likitancin Yunanawa, wadda ilimin yau ya bar ta. Haka kuma ya fi fuskantar mutum shi kaɗai, alhali a ƙasar Hausa miji da iyaye da surukai ne ke yanke shawarar inda za a kai mara lafiya. Dole ɗalibi ya koyi zama da dangi, darasin da zai nema a wajen wannan littafi. Allah ne Mafi sani.