Kyamarar Aïcha Macky a Kara-Kara

Mu ƴan Magaria da Dungas mun saba da finafinan Kano: a dasa kyamara tsakiyar falo, fitila ta haske kowa, baki ya yi ta zuba. Fim ɗin "Zinder" na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ba haka yake ba. A unguwar Kara-Kara ta Damagaram, kyamara takan matso har jikin samari, ta tsaya kan tabon sara, a yi tsit. Tabon ke ba da labari. Amma fa da gyara: ƙwanjin masu ɗaga ƙarfe ya sha hoto har ya zama ado. To ƙanenka in ya kalla, tsoro zai ji ko sha'awa?