Masu Karanta Tsohuwar Taswirar Gona

Miƙa wa yawancinmu tsohuwar taswirar gonaki, za mu ga layuka sun sarƙe da lambobi, mu juya ta sama da ƙasa, mu mayar. Amma akwai mutanen da in an shimfiɗa musu ita a tabarma, nan take za su ɗora yatsa su ce ga inda gonar kakanka ta tsaya.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun tarar da ƙasar da ke kewaye da birni, irin su Kumbotso da Ungogo inda Bacirawa take, gona na jingine da gona, ana noma kowace shekara da shara da toka da jakuna ke kwasowa daga birni. Sai aka ɗora haraji a kan faɗin gona. Malaman taki suka fara awon, malami ya taka tsawo da faɗi da ƙafarsa yana ƙirgawa, ya rubuta sunan mai biya. Daga baya 'yan safiyo suka zana kowace gona da lambarta.

Gwanin karatun takan fara da neman gabas. Daga nan sai ya nemi abin da ba ya ƙaura: kwari, maƙabarta, tsohuwar rijiya, hanyar Katsina, da burtalin da shanu ke bi. In ya kama biyu daga cikinsu, sauran sai ya bi a ƙasa. Ya san kuka ta fi ɗorawa amana, don ɗorawa ana iya sare ta a yi itace, kuka kuwa takan ga jikoki da tattaɓa kunne. Ya san layin gamba ko shingen lalle da ya karkace ba dalili, wata tsohuwar iyaka yake bi. In takarda ta nuna gona ɗaya ƙatuwa, a ƙasa kuma ya tarar da sirara huɗu a jere, ya san an raba gado tsakanin 'yan'uwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya gaskata takardar ido rufe. Takin dogon malami ba ɗaya yake da na gajere ba. Sunan da ke rajista kuma wani lokaci na mai aro ne ko wanda aka ba jingina, tunda shi ke biyan harajin.

Da irin wannan gwajin takarda da ƙasa masanin nan Michael Mortimore ya nuna yadda gonakin Ungogo suka yi ta tsagewa tsakanin shekarun 1930 da na 1960, Polly Hill ma ta yi nata a Dorayi, littafinta ya fito a 1977.

Ɗaliban tarihi sukan yi ayari zuwa Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House, su duba rahotannin gundumomi. Ni dai da za su ji tawa, su riƙa ajiye kujera ɗaya a mota saboda wani dattijon ƙauye. A Bacirawa yanzu gonaki sun koma fuloti, an sare bishiyoyin iyaka da yawa, kuma in rikici ya je gaban mai unguwa, irin wannan dattijon ake aika yaro ya kira.