Laƙabi ba ya faɗa

A fadarmu ta Magarya, in za mu yi hasashen wasan MMA, da kalmomin gida muke yi: wane ɗan dambe ne, wane ɗan kokowa. Ni mai karatun harshe, nan nake ganin kuskurenmu. Da mun laƙa wa mutum suna, shi ke nan, mun daina kallonsa.

Ku tuna karon Francis Ngannou na Kamaru da Ciryl Gane na Faransa a Janairun 2022. Ngannou muka ce ɗan dambe ne, naushi kawai ya iya, Gane kuwa gwanin zulliya. Na bugi ƙirji na ce in Gane ya tsallake turmi 2, ya ci. Ya tsallake kuwa. Daga turmi na 3 sai Ngannou ya koma kokowa, yana kayarwa yana dannewa. A kokowar takobi kaye ke rufe wasa, a MMA kuwa ci gaba ake a ƙasa. Can ya tara makin da ya ci da su bayan turmi 5. Wallahi na sha dariya.

To ƴan'uwa, kafin hasashe mu tambaya: in aka hana shi abin da ya saba, me ya rage masa?