Harshen damo a fadar Tiberiyus: nazari a kan salon Tasitus

Wannan ƴar maƙala tana duba littattafai shida na farko na Annales, tarihin da Tasitus ya rubuta da Latinanci a farkon ƙarni na 2. Sun ƙunshi mulkin Tiberiyus, sarkin Rum na biyu (14 zuwa 37 miladiyya). Abin da za mu bi a nan shi ne harshe: yadda zalunci yake ɓata magana, da yadda marubucin da ya tona asirinsa bai kuɓuta daga wannan ɓacin ba.

1. Maganar sarki

Bayan mutuwar Ogustus a shekara ta 14, Tiberiyus ya shiga majalisar dattawa yana nuna cewa nauyin mulki ya fi ƙarfin mutum guda, alhali tuni sojoji suna hannunsa. Wani dattijo, Asiniyus Galus, ya ɗauki maganar a zahirinta, ya tambaye shi wane sashe na mulkin yake so a danƙa masa. Sarki ya yi shiru na ɗan lokaci, fuskarsa ta sauya. Da ma akwai tsohuwar ƙullalliya tsakaninsu, domin Galus ne ya auri matar da aka tilasta wa Tiberiyus ya saka. An tsare Galus a 30, ya mutu da yunwa a 33. Ƙa'idar fadar ke nan kamar yadda Tasitus ya zana ta: sarki yana magana da harshen damo, bafade kuma dole ya gane nufinsa, sa'an nan ya yi kamar bai gane ba.

2. Maganar na ƙasa

Shi kuwa na ƙasa ba a bar masa wannan mafaka ba. Dokar cin mutuncin sarauta, wadda ake kira maiestas, ta kai ga hukunta kalma, kuma mai kai ƙara yakan samu kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar wanda aka kayar. A shekara ta 25 mutanen Sejanus, shugaban dogaran sarki, suka gurfanar da marubucin tarihi Kiremutiyus Kordus don ya yabi Burutus da Kasiyus, waɗanda suka kashe Yuliyus Kaisar. Suka fassara yabon matattu a matsayin habaici ga mai rai. Kordus ya ƙi abinci har ya mutu, aka ƙone littattafansa, amma wasu sun ɓoye kwafi.

3. Maganar marubuci

A nan ne muke da ja da Tasitus. Mu ɗauki mutuwar Jarmanikus, ɗan riƙon sarki, a Antakiya a shekara ta 19, da shari'ar gwamna Piso a 20. Tasitus ya yarda ba a tabbatar da zargin guba ba. Duk da haka sai ya kawo abin da ya ce ya ji daga tsofaffi: wai an ga wata takarda a hannun Piso mai ɗauke da umurnin sarki. Ya ce ba ya tabbatar da zancen, amma ya riga ya ajiye shi a kunnen mai karatu. Haka kuma sau da dama yakan jera dalili biyu na aikin sarki, ya bar mafi muni a ƙarshen jimla, inda nauyi yake faɗuwa. Wannan gugar zana ce, kuma ƴar uwa ce ga sana'ar masu kai ƙara: kama mutum da fassarar nufinsa.

Wannan ba ya wanke Tiberiyus. Hukuncin majalisa a kan Piso, wanda aka gano rubuce a kan tagulla a kudancin Sifen aka buga a 1996, cike yake da yabon adalcin sarki da na gidansa, wato fadancin da Tasitus ya bayyana gaskiya ne. Sai dai mu tuna shi kansa ya ci gaba da hawa muƙamai a ƙarƙashin azzalumin sarki Domisiyan, a can ne ya koyi faɗin magana ba tare da ya ɗauki alhakinta ba. Saboda haka muke ba ɗalibanmu masu karanta shi a fassarar Faransanci shawarar su ja layi a ƙarƙashin kowace kalma mai ma'anar "wai", su ware abin da ya shaida daga abin da ya rataya wa bakin jama'a.